Kaka, Da Gaske Aka Yi?

Tun da na ajiye alli na dawo gida Ƙonni, aikina bayan sallar isha'i shi ne ba jikoki labari. Wayar hannu ta cinye tatsuniya a bakin iyayensu mata, ni kuwa Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa zauna mini a baki ba. Abin da na iya shi ne labarin wani saurayi ɗan shekara 19 da aka tura wani ƙauye a ƙasar Illela ya buɗe lakkol, ba shi da komai sai akwatin ƙarfe, da fitilar ƙwai, da kwalin alli guda. Na raɗa masa suna, na ba shi jaki mai taurin kai, na haɗa shi da wata tsohuwa mai fura da ke kiransa mijinta. Yara suka so shi, har ana rigima kan wanda zai zauna kusa da ni. Ran nan ina tsakiyar ba su labarin yadda iska ta kwashe rumfar ajinsa, sai jikata da nake kira uwargida, 'yar aji huɗu, ta dafa gwiwata ta ce, "Kaka, wannan da gaske aka yi, ko tatsuniya ce?"

Na yi shiru kamar ruwa ya ci ni. In na ce mata gaskiya ne, to jakin fa? Ni dai ban taɓa mallakar jaki ba. In kuma na ce tatsuniya ce, rumfar nan da hannuna na kafa ta a watan Oktoban 1974, ni da samarin gari, kuma da bazara ta zo da idona na ga guguwa ta nannaɗe ta ta yi daji da ita. Sai na yi irin ta manya, na ce dare ya yi, kowa ya je ya kwanta. Ita ta yi barcinta, ni na kwana da tambayar.

Da safe na kai ta wurin abokina, limamin masallacin unguwarmu. Tare muka yi allo da shi. Da aka zo ɗaukar yara lakkol, ni aka kama, shi kuwa uwarsa ta tura shi cikin rumbu ta rufe, daga baya ya tafi Sakkwato karatu. Har yau in muna raha yakan ce shi aka ɓoye, ni aka yar. Na ce masa, "Liman, ina da niyyar mayar da labarin nan littafi da Hausa, don yara." Ya dube ni, ya kira ni da sunan da ake kiran malaman lakkol, ya ce, "Mushe, ka tsufa da gaskiya, kar ka je ka mutu da ƙarya."

Ba da wasa yake ba. Ya tuna mini abin da Abu Dawuda ya ruwaito game da Abdullahi ɗan Amir, lokacin yana ƙaramin yaro. Uwarsa ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidan. Ya tambaye ta abin da za ta ba yaron, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komai, da an rubuta mata ƙarya. Ya kuma kawo gargaɗin da aka yi wa mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Sannan ya ce, "To in ƙwayar dabino ɗaya ana rubuta ta, ina ga jaki sukutum?"

Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Abin da na fara kare kaina da shi shi ne, Bahaushe ya daɗe da raba magana gida-gida. Tatsuniya da sallamarta take zuwa. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, ko yaron goye ya san an fita duniyar mutane, kuma in an ƙare mai bayarwa da bakinta take jingina wa Gizo ƙaryar da ta yi. Babu wanda aka yaudara. Tarihi kuwa da rantsuwa yake tafe: wane ya gaya mini, shi ma daga wane ya ji. Labarin da nake ba jikokina ya faɗa tsakanin biyun, kamar kasuwar garinmu da ake ciniki da sefa da naira a rumfa ɗaya. Kowane kuɗi yana ci, matuƙar mai saye ya san wanne aka miƙa masa.

Daga nan na juya wa liman da littafin da ke bisa buzunsa. Na ce, "Kai da ka sha Muƙamar Hariri a zauren malaminka, Abu Zaidu mutumin Saruja da ke ta damfarar mutane da fasahar harshe, a wace maƙabarta aka rufe shi?" Hariri, mutumin Basra, ya rasu a 1122, kuma tun a gabatarwar littafin ya hango masu irin wannan zargi, ya kare kansa da cewa aikinsa ɗan'uwan hikayoyin da ake sa wa a bakin dabbobi ne, ana kuma auna aiki da niyya. Ɗaruruwan shekaru ke nan malamanmu na karantar da shi don ƙwarewa a Larabci, ban ji wanda ya ce a ƙone shi ba. Na ƙara masa da ƙissar da ke cikin Suratu Sad, ta masu husuma biyu da suka shiga wa Annabi Dawuda, alaihis salam, da ƙarar tumaki 99 da tunkiya ɗaya. Masu tafsiri da yawa sun ce mala'iku ne, misali suka buga masa don ya ga kansa a ciki.

Liman bai musa ba. Ya ce, "Duk na yarda. Amma mai karanta Hariri gemu gare shi, ya san abin da yake karantawa. Jikarka fa? Ita ce ta tambaye ka, kai kuma ka tura ta barci." A nan ya kama ni, don kuwa ko kusa ban da amsa.

Wannan gardama ta girme mu duka biyu. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zagaya yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai, don a wurinsu alƙalami na addini ne da tarihi, ƙage kuwa na mata da yara ne da dare. Waɗanda suka amsa kiran, samarin malaman makaranta ne a cikinsu. Abubakar Imam yana koyarwa a Katsina, shekarunsa 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, malami a Bauchi, bai ma kai shi shekaru ba, ya rubuta Shaihu Umar. Babu wani Shaihu Umar da aka haifa aka yanka wa rago, amma ɗan makarantar da ya karanta yadda aka sace yaron nan, da yadda uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren hamada, ya san ɗacin cinikin bayi fiye da wanda aka haddatar da shi shekaru da sunayen sarakuna.

Mu ma nan muna da namu. A watan Mayun 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta ƙone garin. Makonni kaɗan kafin nan ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, can ƙasar Arewa. Takardun Nasara 'yan layuka kawai suka ba ta. Sai a 1980 Abdoulaye Mamani ya ɗauki 'yan layukan nan da abin da ya tsinta a bakin mutane, ya cike giɓin da basirarsa, ya fitar da littafin Sarraounia. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau ba ɗan Nijar da bai san sunanta ba, kuma ƙagaggen labari ne ya yi mata wannan hidima. Sai dai na sha jin ɗalibaina suna kawo abin da suka gani a fim kamar wanda kakansu ya gani da ido. Na kuma lura cewa mutanen Ƙonni da aka zuba a rami ɗaya, da yake ba su sami marubuci ba, sun fi ta shan mantuwa. Wanda aka rubuta labarinsa shi ake tunawa, wanda aka tsallake an sake binne shi. Wannan ba ƙaramin iko ba ne a hannun mai alƙalami.

Wanda ya ƙarasa buɗe mini ido littafin wata Ba'amurkiya ne, Laura Ingalls Wilder, da wata 'yar sa-kai ta bar mini fassararsa ta Faransanci shekaru da yawa da suka wuce. An haife ta a 1867, ta fara koyarwa tun tana ƙaramar budurwa, a wata 'yar makarantar katako cikin dajin Dakota, nesa da gidansu, ga sanyi mai kashe mutum, ga ɗalibai da wasu sun girme ta, ga gidan da aka sauke ta ba zaman lafiya. Da na karanta sai na ga kaina, bambancin kawai ita ƙanƙara, ni ƙura. Ta rubuta wannan labari don yara, ya fito a 1943. Ta sauya sunan mutanen da suka sauke ta, ba wanda ya ga laifinta, don rufin asiri ne. Ta tsallake mutuwar ƙanenta jariri a 1876, aka ce tausayin masu karatu ne. Amma yadda littattafanta suka nuna mutanen asali, waɗanda a kan ƙasarsu aka kafa gonakin da makarantun, shi ya biyo ta har kabari. A 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatu na yara a Amurka ta cire sunanta daga wata lambar yabo da aka daɗe ana bayarwa da sunan nata. Ba a kama ta da laifin ƙaga suna ba. An kama ta ne da yadda ta wanke nata mutanen, ta bar wasu da datti.

Da na tuna wannan sai gabana ya faɗi, don na gane abin da ya hana ni amsa wa uwargida. Ba jakin ba ne.

Na sauka ƙauyen nan ana fitowa daga yunwar 1973 da 1974, watanni shida bayan sojoji sun kifar da Diori Hamani. Rumbuna wayam, shanu sun ƙare. Maigari ya tara mini yara talatin da 'yan kai, kuma ban daɗe ba na gane yawancinsu 'ya'yan marasa galihu ne, masu ƙarfi sun san yadda suka yi da nasu. Kowa na kirana mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakkol, daga kalmar Faransanci ta girmamawa. Limamin ƙauyen kaɗai ya ƙi. Ya ce shi ba zai kira ɗan Musulmi mushe ba alhali yana tafiya da ƙafarsa, sai ya sa mini malam ƙarami. Ran da na kai masa kukan cewa dattawa na raina ni don ba ni da gemu ba ni da mata, ya nuna gabas da sandarsa ya ce a can Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu, kuma yana ɗan shekara 20 ya fara karantarwa da wa'azi. Ya ce, "Ƙuruciya ba aibi ba ce ga malami, malam ƙarami. Zafin hannu shi ne aibi." Na ji, ban ɗauka ba.

A zamaninmu doka ce, ba a Hausa a cikin aji. Akwai abin da ake kira sambol, wanda ake rataya wa duk yaron da Hausa ta kuɓuce masa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda ya kwana da shi, da safe bulala. Nawa sambol ɗin muƙamuƙin jaki ne da na tsinta a bayan gari, cikin ƙasusuwan dabbobin da fari ya kashe, na huda shi na zura igiya. Akwai wani yaro siriri, mai ido kamar na barewa, da ya zo mini da izu goma a kansa. Cikin wata biyu ya iya haɗa baƙi da wasalin boko, ya wuce kowa a lissafi. Wata ranar zafi ya ɗaga hannu, Faransancin ya ƙi zuwa, ya ce, "Mushe, ƙishirwa nika ji." Na rataya masa ƙashin. Ba wanda ya yarda ya yi magana kusa da shi har aka tashi. Da safe na yi masa bulala biyar a gaban 'yan'uwansa. Bai yi kuka ba, ya cire igiyar ya ajiye bisa teburina, ya fita. Da la'asar ubansa ya zo, ya yi sallama, ya tsuguna bakin zana, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, tambaya ɗaya na zo yi. Kai da wane harshe uwarka ta yi maka rarrashi?" Yaron bai sake taka ajina ba. Daga baya na ji ya bi 'yan ci-rani ya yi kudu.

Saurayin cikin labarina bai taɓa dukan kowa ba. Yana raba gurasarsa da marayu, yana koyar da waƙa a ƙarƙashin gawo, jakinsa na ba yara dariya. Ashe jakin gaske yana nan a ajin, ƙashinsa ne a wuyan yaro, shi na ɓoye na kawo mai rai a madadinsa. Jakin da na ƙaga bai cuci kowa ba. Shirun da na yi a kan ƙashin shi ne ƙaryar, don da shi na sayi yabon jikokina da kuɗin jabu, na kuma danne haƙƙin yaron nan karo na biyu.

Na koma wurin liman na zayyana masa duka. Ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce, "Yanzu ka zo da magana." Muka zauna muka daidaita a kan sharuɗɗa, shi da fiƙihunsa ni da allina. Na farko, yaro ya san irin kuɗin da aka miƙa masa: a faɗa masa a shafin farko, da harshen da zai gane, cewa sunaye da wasu abubuwa ƙagaggu ne, zamanin da wahalarsa kuwa gaskiya ne, in ya tambaya kuma a amsa masa, kar a tura shi barci. Na biyu, kar a sa wa mutumin gaske magana a baki. Djibo Bakary ya koyar a nan Ƙonni yana saurayi, bayan ya fito makarantar William Ponty ta Senegal, tun kafin ya zama magajin garin Yamai na farko da jagoran Sawaba. Zan iya cewa malamin cikin labarina ya ji labarinsa, amma ba ni da izinin ƙaga abin da ya faɗa wa ɗalibansa, don mamaci ba ya tashi ya ƙaryata. Na uku, kuma shi ne mai nauyi, kar a wanke gwarzo da ruwan da aka hana wasu. In za a yabi malamin da ya kwana a bukka don 'ya'yan wasu su iya karatu, to a ba uwar da ta ɓoye ɗanta a rumbu bakin magana ita ma, don tana da hujjarta: ta ga waɗanda suka ƙone garin kakanninta, su ne suka dawo da allon baƙi da alli.

Wani zai ce yara ba su isa jin irin wannan ba. Ni ban yarda ba. Alƙur'ani da muke sa su haddacewa tun suna shekara biyar bai ɓoye musu cewa 'yan'uwan Annabi Yusufu sun jefa shi rijiya ba, kuma ita ce ƙissar da Allah ya kira mafi kyau. Kyanta bai zo daga rashin laifi ba, ya zo ne daga laifi da nadama da yafewa. Yaron da aka nuna wa malami mai kuskure da tuba ya sami abin koyi. Wanda aka nuna wa malami kamar mala'ika, ran da ya ga na gaske zai ce duk manya maƙaryata ne.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, labarin bai zama tarihi ba tukuna. Lokacin da muka sami 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, yaran da ke lakkol ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma samari irinmu ne suka kai allo ƙauyukan Adar da Majiya ɗaya bayan ɗaya. Yau ma in ka bar kwalta a Tsarnawa ko Malbaza ko Badagishiri ka shiga daji, za ka tarar da ɗan kwantiragi ko 'yar kwantiragi, shekara 20 da 'yan kai, a cikin ajin zana, ana jiran albashi. Ajin zanan nan ne ya ci yara 20 a gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, ya kuma ci wasu fiye da 20 a Maraɗi a watan Nuwamban shekarar. Sannan harshen da na yi wa yaro bulala a kansa, wanda aka fara gwada koyarwa da shi a Damagaram tun 1973, shi ne aka ayyana harshen ƙasa a 2025. Za a nemi littattafan Hausa da za a sa a hannun yara. Boubou Hama, wanda ya fara koyarwa a 1929, ya bar mana labarin ƙuruciyarsa a Kotia-Nima, amma da Faransanci. Namu na ƙauyukan Ƙonni da Illela yana cikin kawunan tsofaffi 'yan fansho, kuma kowace shekara muna raka wasu maƙabarta.

Daren Juma'ar da ta wuce na tara jikokin. Na ce, "Uwargida, kin yi mini tambaya na gudu, yau na dawo. Jakin ƙarya ne, ni na ƙaga shi. Tsohuwa mai fura gaskiya ce, Allah ya ji ƙanta. Rumfar ma gaskiya ce. Malamin kuwa ni ne, kuma akwai abin da ya yi da ban gaya muku ba." Na ba su labarin ƙashin daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya yi dariya. Da na gama ta ce, "Kaka, ka ba shi haƙuri?" Na ce ban sake ganinsa ba. Ta ce, "To ka rubuta a littafin, wataƙila jikarsa ta karanta."

Na fara rubutawa, jakin yana ciki, ƙashin ma yana ciki, liman ne zai fara dubawa. 'Yan'uwana tsofaffin mushe na Ƙonni da Malbaza da Illela, ku ma ku ɗauki alƙalami tun da sauran numfashi. Ku ƙaga suna, ku ƙaga jaki, ba laifi. Amma bulalar da kuka yi, ku rubuta ta da adadinta.